Ranar da Injiniya Lawwali Ya Gyara Waifai

Lawwali ya taɓa zama Sakkwato na 'yan watanni, a wani shago da ake cajin waya ana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori. Aikinsa a can bai wuce ya karɓi waya ya manna mata lamba ba. Amma da ya dawo Wurno sai ya dawo da sabon suna, wanda shi ya raɗa wa kansa: Injiniya. Ya sayi 'yar ƙaramar sukudireba ya soke a aljihun gaba, inda masu ilimi suke soke biro. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ina son sa, don ba shi da mugunta ko kaɗan. Sai dai na taɓa ba shi rediyona mai kama tasha biyu ya duba mini, ya dawo mini da ita tana kama iska zalla, ya ce tashoshin ne suka ƙaura.

A shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, tun daga Rabah har Goronyo, waya ta koma tocila. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya tafi Sakkwato. Wuri ɗaya ne ya rage a kusa da mu: wani ɗan asibiti da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a bakin gari, mai farantin kamo intanet a kan rufi yana kallon sama. Mutanen asibitin suka bar waifansu a buɗe don jama'a. Gindin dogonyaron da ke ƙofar asibitin ya zama kasuwa, kowa ka gani kansa a sunkuye yana dangwalar waya.

A cikin wannan hali ne matar Habibullahi, wani ɗan unguwarmu, ta haihu, ɗan fari, namiji. Shi Habibullahi yana Jidda yana tuƙa wani Balarabe, watanni ke nan bai zo gida ba, ko cikin ma da labari ya san shi. Yayansa Yusha'u ya tafi Sakkwato ya kira shi ya yi masa albishir, ya tambaye shi sunan da za a raɗa. Habibullahi ya ƙi faɗa. Ya ce ranar suna zai buɗe taron bidiyo, a nuna masa fuskar ɗansa, shi da bakinsa zai faɗi sunan liman yana ji. Ya turo lambar shiga taron, ya ce maigidansa ya ba shi ɗan lokaci da hantsi, in ya wuce sai su kama hanya, kuma ba ya taɓa waya in yana tuƙi.

Da Yusha'u ya dawo ya faɗa wa mahaifiyarsu, Inna Kaltume, sai ta fashe da kuka don murna. Ita ba sunan ne ya dame ta ba. Tana son ta ga ɗanta da idonta, ta ga ko ya rame.

Ana cikin shawarar yadda za a yi sai ga Lawwali ya yi sallama, ba wanda ya kira shi.

"Mi kuka shawara? Taron bidiyo? Haba Yusha'u, ina garin ga kaka wahal da kanka? A Sakkwato ni nika haɗa ma manyan mutane irin wanga taro, har da na ƙasashen Turawa. Ku bar mani."

Yusha'u mutum ne mai sanyi, manomin albasa, waya bai san komai nata ba ban da kira da sauraron karatu. Ya ce, "To Injiniya, ko mu tahi yau mu gwada, don kada a ji kunya gobe?"

Lawwali ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwaji? Mai koyo shi ka gwaji. Kai dai ka yi caji, ka kwashe mutane da ragonku ku same ni gindin dogonyaro."

Haka aka yi abin da ba a taɓa yi ba a unguwarmu: aka ɗauke raɗin suna daga ƙofar gida aka kai shi ƙofar asibiti. Da safe muka yi jerin gwano. Liman Malam Atiku a gaba da wuƙarsa a cikin kube, dattawa a bayansa, masu tabarmi, mai ƙwaryar goro da dabino, wanzami da zabirarsa, sai rago fari mai ƙaho ana jan sa yana turjewa. Mai jego tana gida. Inna Kaltume ce ta rungumo jaririn, ta naɗe shi cikin zannuwa har ba ka ganin ko yatsansa, ta zauna gefe a inuwar katanga.

Lawwali ya riga mu zuwa, ya sha farar riga da baƙin tabarau. Ya karɓi wayar Yusha'u da yatsu biyu kamar likita zai duba ido. Ya kama waifai, alamar ta cika tam. Ya ɗaga wayar ya nuna wa jama'a, aka yi kabbara. Ya buɗe manhajar taron, ya sa lamba. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya, ya juya, sai rubutu ya fito da Turanci cewa an kasa haɗawa.

Nan take wani shafi ya faɗo a fuskar wayar, da tambarin asibitin a sama da wani koren maɓalli a ƙasa. Lawwali ya share shi da sauri, ya juyo yana girgiza kai.

"Kun gani? 'Yan damfara na. Da wani na ba ni ba, da ya taɓa, da yanzu sun kwashe dud abin da ac cikin wayar ga."

Wani ɗan acaba da ke zaune kan babur ɗinsa ya ce, "Injiniya, ai wanga koren..."

"Kai, tsakanina da kai wa anka kira?"

"Kai anka kira."

"To tuƙa babur ɗinka."

Ya sake gwadawa. Zobe ya juya, rubutu ya fito, shafi ya faɗo, ya share. Liman ya dubi rana ya gyara zama. Lawwali ya cire tabarau ya dubi mutanen da ke gindin dogonyaro ɗaya bayan ɗaya, sai fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa wahayi.

"Na gano ta. Yusha'u, kai manomi na. In anka sako ruwan dam, kowa yab buɗe bakin gonatai lokaci guda, na ƙarshe mi shika samu?"

"Laka," in ji Yusha'u.

"To mu na na ƙarshe. Waifai ruwa na. Dole a yi kamu-kamu yadda aka yi ga fadama. Kowa shi toshe nashi, yau ranar ban ruwanmu ta!"

Ya bi mutane yana sa su kashe waya. Saboda girman liman da tausayin tsohuwa, mafi yawa suka kashe suna gunaguni. Amma ya zo kan Sharifa, Bafillatana mai sayar da nono, wadda ta ajiye ƙwaryarta tana aika wa ƙaninta saƙon murya.

"Kashe wagga waya, kina shanye muna ruwa."

"Ruwan wa? Kai kag gina rijiyar?"

"Ni injiniya na."

"To injiniya, ni tawa tana tahiya, taka ta tsaya. Wa ya kamata shi tambayi wani?"

Aka yi dariya har da dattawa. Sai da Inna Kaltume ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, don Allah, ɗana nika son gani," sannan Sharifa ta kashe ta cusa a zane. Duk waifan asibitin ya zama na Lawwali shi kaɗai. Ya danna. Zobe ya juya, rubutu ya fito, shafi ya faɗo, ya share shi har da tsaki.

Gumi ya fara keto masa. Ni da na san shi na san in gumi ya keto masa ba ja da baya yake yi ba, ƙara gaba yake yi.

"Ruwan na nan, hanya ta babu," ya ce. "Watsewa shika yi cikin iska. Sai an yi mai kwata."

Kafin a tambaye shi mene ne kwatar waifai, ya nufi rumfar mai shayi da ke gefe, inda aka jingine tsofaffin kwanon rufi. Ya kwaso su, ya jera mutane tun daga tagar asibitin har gindin dogonyaro, kowa ya riƙe falle ɗaya a karkace, wai waifai ya gangaro ta ciki ya zubo kan waya. Na ga abin da idona: dattawan unguwa da manyan riguna, kowa rungume da kwano mai tsatsa, suna kallon juna ba mai son ya fara dariya. Ni ma an ba ni nawa. Wanzami ya ce hannunsa na aski ne, ba zai riƙe ba, Lawwali ya ce masa in sunan bai zo ba kan wa zai aske. Har wanda ke riƙe da igiyar rago aka ba shi falle, ya ɗaura igiyar a ƙafar bencin mai shayi.

"Baba, ɗaga naka bisa! Kai, naka na yoyo! Ku matso!"

Iska ta taso daga fadama. Falle ɗaya ya kuɓuce daga hannun wani dattijo ya doki na kusa da shi, wancan ya saki nasa, sai ƙara ta tashi kamar rufin kasuwa ya rufto. Ragon suna ya yi tsalle ɗaya ya ja benci, bencin ya kifar da butar shayi, igiya ta tsinke. Ya bi ta kan ƙwaryar Sharifa, ya fito da ƙafafu fari fat da nono, ya tsallake kwalbati ya faɗa gonakin masara. Samari suka bi shi da gudu. Muna hangen masara tana motsi, tana motsi, har ta daina.

Sharifa ta tsaya kan ƙwaryarta ta riƙe ƙugu. "Injiniya, ga ruwanka nan ya zo, hwari tas. Tara wayar!"

Jariri ya farka ya tsala kuka. Samarin suka dawo da ƙaiƙayi a jiki da guntun igiya a hannu, suka ce rago ya yi wajen gulbi, ko ƙurarsa ba su gani ba. Yusha'u ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Liman ya ce a hankali, "Yusha'u, rana ta yi. In abin ga ba shi yiwuwa, kai wa na ga uba, ka zaɓi suna mu yi addu'a."

Na ga Inna Kaltume ta share ido da gefen mayafi. A nan dariya ta ƙare mini. Na ji haushin Lawwali sosai, don na san can a Jidda akwai mutum zaune cikin mota yana kallon waya, yana jiran uwarsa da ɗansa, lokacinsa yana ƙarewa.

Shi kuwa gogan naka ya ɗaga kai yana kallon rufin asibiti. Ya buga cinya.

"Allahu akbar! Malam, ina alƙibla?"

Liman ya nuna gabas da carbinsa, yana mamaki.

"Jidda ba kusa da Makka take ba? To ku dubi hwarantin can inda yab ba baya! Ta ina za shi ga Habibullahi? Tun sahe muna kiran mutum ta ƙeya. Bari in juya shi gabas."

"Lawwali, kada ka taɓa kayan mutane," in ji Yusha'u.

Ina! Ya riga ya hango tsanin da masu fenti suka bari a jikin bango. Ya dangwara wa Inna Kaltume wayar a cinya, ya tuɓe takalma, ya soke rigarsa a wando, ya haye. Yana taka rufi sai ga Baba Yari maigadi ya fito daga bayan asibiti da buta a hannu. Baba Yari tsohon soja ne, ba ya son dogon zance. Ya dubi takalma, ya dubi tsani, ya dubi mutumin da ke rarrafe wajen faranti.

"Kai! In ka taɓa abin ga, ni da kai na."

"Baba, gyara za ni yi."

"To gyara zama," in ji Baba Yari. Ya ɗauke tsanin ya kwantar a ƙasa ya zauna a kansa.

Ana wannan, Inna Kaltume ta dubi wayar da ke cinyarta. Fuskar wayar duk ta yi dama-dama da gumin hannun Lawwali. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin datti ta ƙyale. Ta kama gefen mayafinta ta shiga gogewa da ƙarfi, kamar tana goge tasa. Shafin nan ya riga ya sake faɗowa, babban yatsanta ya bi ta kan koren maɓallin. Shafin ya ɓace. Zobe ya juya sau ɗaya.

"Salamu alaikum? Yaya Yusha'u? Kuna ji na?"

Inna ta kusa yar da wayar. "La ilaha illallahu! Habibu! Habibu, kai na?"

Jama'a suka rufto kanta. Ga Habibullahi nan cikin mota, da farar hula, idonsa ya yi ja don jira. Ɗan acaban nan ya ce, "Koren nan dai taɓa shi aka yi. Kowa nan kullum sai ya taɓa shi kahin waifan shi sake shi. Shi nika son hwaɗi tun ɗazu." Rabin mutanen gindin dogonyaro suka ce ai su ma sun sani, sun ɗauka injiniya ya san wata hanya da ta fi.

Daga kan rufi muka ji murya: "Kun gani? Ko taɓa shi ban yi ba! Matsowa kawai niy yi!"

Ba wanda ya ɗaga kai. Inna tana shafa fuskar wayar tana cewa, "Ka rame. Ba su ba ka tuwo can? Dubi wuyanka." Habibullahi yana dariya yana hawaye, ya ce, "Inna, lahiyata lau. Maigida na hitowa yanzu. Nuna mani shi." Ta warware zannuwan nan ɗaya bayan ɗaya har 'yar fuskar ta fito, jajir, baki a buɗe yana shirin sabon kuka. Yusha'u ya riƙe wayar daidai. Habibullahi ya sa hannu ya rufe bakinsa. Mu ma duk muka zuba wa wayar ido, har Sharifa.

Liman ya matso ya ce, "Habibullahi, mi as sunan yaro?"

"Muhammadu Lawwali, Malam."

Kowa a ƙasarmu ya san haka ake sa wa ɗan fari, kuma da wuya in Habibullahi ya tuna akwai wani Lawwali a unguwa a wannan lokacin. Amma sai muka ji kwanon rufi yana ƙara, mutum yana tsalle a kai.

"Takwara! Jama'a ku shaida, takwara anka yi mani! Tun daga Jidda an san aikina!"

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sannan ya zare wuƙa daga kube, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi guntun igiyar da ke ƙasa.

"To, ga suna. Ina abin yanka?"

Sai Inna Kaltume ta mayar da zane ta rufe jikanta, ta ɗaga kai sama karo na farko, ta sa hannu ta tare rana.

"Lawwali, ka ce takwaranka na?"

"Ƙwarai, Inna! Kowa ya ji."

"Madalla. Mu nan wanda anka yi ma takwara ba shi zuwa hannu sake. Na ga wani balami ɗaure bayan ɗakinka, wanda kaka ba dussa kana jiran layya."

Tsallen ya tsaya. "Inna, ai... in anka duba, sunan ɗan hwari na. Kowane ɗan hwari Lawwali na. Ba lalle ni anka nuhwa ba."

"Mun shaida," in ji Sharifa. "Kai kac ce mu shaida."

"Mun shaida!" in ji jama'a baki ɗaya, har da Baba Yari daga kan tsani.

Rana ta riga ta ɗaga, kwanon rufi ya ɗau zafi, ga shi ba takalmi. Ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu. Ya roƙi Baba Yari tsani, Baba Yari ya ce shi kunnensa ba ya ji sosai in ana maganar rago ba a gama ba. Lawwali ya dubi gonakin masara ko Allah zai sa farin rago ya tuba ya dawo. Masara ko motsi ba ta yi.

"Ku kwanto shi," ya ce da wata 'yar murya. "Amma hwatar tawa ta."

Samari suka ruga unguwa suna shewa. Habibullahi, wanda bai san abin da ya faru ba tun safe, ya ji ana ta kiran rago da takwara, ya tambayi yayansa. Yusha'u ya ce masa maƙwabcinsu Lawwali ne ya ba da ragon suna, balami guda. Habibullahi ya ce don Allah a nuna masa shi ya yi godiya kafin maigida ya shigo mota.

Yusha'u ya ɗaga wayar sama ya saita rufin asibiti. Ga Injiniya can, riga soke a wando, yana taka rawar zafi ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Lawwali!" in ji Habibullahi. "Wallahi ban san kana ƙaunata haka ba. Rago guda, ga wahalar hawa bisa don in ga ɗana! Allah shi saka da alheri."

Daga nesa ana jin kukan balamin Lawwali ana jawo shi. Lawwali ya mayar da tabarau a ido, ya ɗaga wa wayar hannu, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Ba komi," ya ce. "Aikinmu na."